Kujerata a Gefen Keken Baba

Laraba, da yamma

An sallamo Baba daga asibiti. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da zai sauko daga mota ina tsaye ta dama, Rediyo tana ta hagu. Hannunta ya kama.

Rediyo 'yar Gwaggo ce, ƙanwar Baba. Farkon shekara aka kawo ta gidanmu don makaranta ta fi kusa daga nan. Mai Faci na ƙofar gidanmu ne ya sa mata wannan sunan, don in ta fara magana sai dai a tashi a bar ta. Ajinmu ɗaya, amma na girme ta. Da watanni ne, amma dai na girme ta.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar da Baba ya faɗi ba. Kowa ya riga ya sani. Ita ta gaya musu.

Alhamis, da safe kafin makaranta

Na goge wa Malam Shiru baki da auduga da sifirit, ko da yake ba wanda ya taɓa shi tun kwanaki.

Malam Shiru mutum-mutumin roba ne, kai da ƙirji kawai, ba hannu ba ƙafa. Na ƙungiyarsu Umma ne. Umma nas ce, kuma in ta tashi daga aiki tana zagayawa da ƙungiyar likitoci suna koya wa mutane yadda ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya har ta farfaɗo. A kan Malam Shiru ake koya. Bayan ƙofar ɗakinmu yake kwana, cikin koriyar jakar da Baba ya ɗinka masa. Har riga da hula Baba ya ɗinka masa, ya ce ba a barin dattijo tsirara.

Tun ina firamare nake danna shi. Na san inda ake sa tudun hannu, na san ba a lanƙwasa gwiwar hannu, na san saurin da ake yi. Umma da bakinta ta ce hannuna ya faɗa.

Farkon ne kawai ban iya ba. Kafin ka danna sai ka bubbuga kafaɗar mutum ka ɗaga murya, "Malam, kana ji na?" Sannan ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya kira motar asibiti. Umma ta ce in ka ce jama'a a taimaka, kowa tsayawa zai yi yana kallon kowa. Dole mutum ɗaya, dole da ƙarfi. Ni kuwa ko a aji aka kira sunana sai ta kusa da ni ta amsa min.

Ni na koya wa Rediyo. Da wasa ma. Tana yi tana dariya tana ce wa Malam Shiru mijin Allura.

Allura ni ce. Baba kaɗai ke kira na haka da gaske. Idonsa ba ya ganin kafar allura, don haka tun ina ƙarama akwai 'yar kujerata a gefen keken ɗinkinsa, ni ke zura masa zare.

Asabar, da rana

Gida cike da 'yan dubiya. Duk wanda ya shigo sai ya ce ina yarinyar. Ba ni ake nufi ba.

Rediyo ta ba da labarin har na haddace. Yadda ta jiyo faɗuwar abu daga tsakar gida, yadda ta shigo shago da kumfar sabulu a hannu, yadda ta leƙa ƙofa ta nuna Mai Faci ta ce, "Kai! Ajiye tayar nan ka kira motar asibiti!" Nan ake fashewa da dariya, Mai Faci ya ce wallahi ko ubansa bai taɓa daka masa tsawa irin wannan ba.

A cikin labarin ba ta sa ni. Ban sani ba ko kirki take min ko mantawa take yi.

Wata maƙwabciyarmu ta ce wa Umma, "Ai wannan 'ya kin tsince ta a sama." Sannan ta juyo ta gan ni da tire a hannu ta ce, "Sannu 'yan mata, ƙaro ruwa."

Na ƙaro.

Lahadi, da yamma

Baba ya fara zama a shago. Umma ta hana shi taka keke, sai ɗan sa maɓalli da hannu. Ina bayan labule na ji ya ce, "Wa zai zura min?"

Rediyo tana kusa. Ta ja kujerata da ƙafa ta zauna. Sai da ta lashe zaren ta sake lashewa, ta rufe ido ɗaya, ta zaro harshe, kafin ya shiga. Baba ya ce, "Madalla."

Ni ko kallo ba na yi in zan zura.

Ban shiga ba. Ba a kira ni ba.

Litinin, bayan an tashi daga makaranta

Yau Rediyo ta ce masa Baba. Da Kawu take cewa.

Laraba, da yamma

Likita Mai Gilashi ya zo. Shi ne mai bincike a ƙungiyarsu Umma. Duk wanda zuciyarsa ta tsaya a gida ko a hanya sai ya bi sawu ya ji wa ke wurin, wa ya fara dannawa, da wuri ko an daɗe. Ya ce da haka za su san inda ake samun matsala. Ya cire takalmi a ƙofa, safarsa ɗaya ta huje.

Ya tambayi Baba. Baba ya ce, "Likita, ni ina ɗinka hannun riga, sai na farka na ga fanka wadda ba tawa ba."

Ya tambayi Rediyo. Ta yi ta zuba, har ya ce ta ɗan rage gudu biro ba ya binta.

Sai ya ce, "Akwai wani a shagon lokacin da ya faɗi?"

Umma ta waigo inda nake. Ya bi idon Umma ya kalle ni. Ya ce, "Ke kuma 'yata, me kika gani?"

Na kalli ramin safarsa.

Umma ta ce, "Ta tsorata ne, Likita. Yarinya ce."

Yarinya ce. Ita kuma Rediyo tsohuwa ce kenan.

Kafin ya tafi ya ce taron shekara na ƙungiya ya kusa, inda suke faɗin abin da suka yi a shekara. Shugabar ƙungiyar tana so Rediyo ta hau dandamali ta nuna yadda ta yi, Baba kuma ya zauna a layin gaba kowa ya gan shi da rai. Ya ce wannan ya fi duk wani jawabi.

Ya bar mana sabon mutum-mutumi a kwali don ta yi atisaye. Irin Malam Shiru ne sak, sai dai fatarsa tana sheƙi. Rediyo ta sa masa Ɗan Gayu.

Bara Umma ta ce in na ƙara girma ni za ta kai taron in nuna. Ban tuna mata ba. Ita ma ba ta tuna ba.

Alhamis, da safe

Allurar da ke hannuna ranar, har yau ban san inda na ajiye ta ba.

Juma'a, da yamma

An yi atisaye a tsakar gida. Umma ta shimfiɗa tabarma ta kwantar da Ɗan Gayu. Ta ce sabo ne, in ka danna ya kai zurfin da ake so yana yin ƙara, ƙas, don ka san ka yi daidai. Malam Shiru ma da yana yi, abin ya lalace tun ina ƙarama, shi ya sa sunan ya dace da shi.

Rediyo ta yi ihunta, har kajin maƙwabta suka watse. Ta durƙusa ta sa hannu ta danna.

Ƙas.

Sai ta miƙe ta ce fitsari take ji. Ta daɗe ba ta dawo ba. Na je ɗauko bokiti na ji tana amai a bayan gida.

Da ta dawo ta ce wa Umma, "Ni dai a bar ni da Malam Shiru, mun saba. Wannan girman kai gare shi." Umma ta yi dariya ta ce to, ranar taro da Malam Shiru za a je.

Bayan sun shiga na danna Ɗan Gayu ni kaɗai. Ƙas, ƙas, ƙas, ba wanda ya kuɓuce min. Ba kowa a tsakar gidan sai kyanwa.

Asabar, da hantsi

Muna wanki da Rediyo, ni ina cuɗa tana ɗauraya. Ba ta yi waƙa ba yau. Can ta ce, "Allura, in gaya miki wani abu ba za ki faɗa ba?"

Na ce wa zan gaya wa.

Ta ce, "Ƙarar nan ta Ɗan Gayu. Haka ƙirjin Baba ya yi a hannuna. Na ji ƙashin ya karye. Na ci gaba da dannawa, yana ta yi. Kullum in na rufe ido sai in ji shi a tafin hannuna."

Ta nuna min tafin hannun kamar akwai abin gani.

Na ce Umma ta ce hakan yana faruwa, haƙarƙari yana warkewa, ba laifi ba ne.

Ta ce, "Na sani. Amma ke ba ki ji ba."

Ba ta faɗa da gori ba. Na san ba da gori ta faɗa ba. Amma na matse zanen Umma har hannuna ya yi ja.

Ni ban ji ba. Har wannan ma nata ne.

Talata, da yamma

An kai Rediyo gidan rediyo. Mai Faci ya ce yau kaya sun koma ga mai su. Ya ƙure muryar rediyonsa a rumfarsa, 'yan unguwa suka taru.

Shugabar ƙungiya ta yi magana tukuna. Ta ce suna roƙon masu yin doka a sa koyon danna ƙirji a darasin makaranta, kuma a ajiye na'urar farfaɗo da zuciya a tasha da kasuwa. Sannan mai shirin ya ce, "Yarinya, wa ya koya miki?"

Na kasa kunne.

Ta ce, "A gida na koya."

A gida. Bango ne ya koya mata, ko rijiya.

Da ta dawo ta ce ta so ta faɗi sunana, mutumin ne ya katse ta. Ta kawo min biskit ɗin da aka ba su. Na ce ba na jin yunwa. Da ta fita na cinye.

Alhamis, da rana

Baba ya hau keke. Umma ta yi faɗa, ya ce, "Nas, ƙafa ce ke takawa ba ƙirji ba." Rigar taro zai ɗinka wa Rediyo. Yadin nan mai ruwan ƙwai da ƙananan furanni da ya daɗe a saman kantar shago, wanda kullum nake shafawa in na zo wucewa.

Ya auna ta, tana ta motsi, yana cewa, "Tsaya mana, Rediyo, awo nake ba kamun kaza ba." Suna dariya. In ya yi dariya sai ya dafe gefen ƙirjinsa.

Ni bai auna ni ba.

Na ji ƙarar keken har cikin ɗaki. Duk lokacin da ya tsaya na san zare ne ya tsinke, na san kuma wa ke lashe shi.

Juma'a, da safe

Malamar lissafi ta ce min, "Ke ce 'yar'uwar jarumar nan?" Na ce e.

Juma'a, da yamma

Gobe taro. Umma ta ce, "Ki haɗa Malam Shiru cikin jakarsa, ki sa masa rigarsa da hularsa, Mai Faci zai sa a but ɗin mota tun yau kar mu makara."

Na haɗa jaka.

Ba abin da na yi. Jaka kawai na haɗa. Girmansu ɗaya, rigar ma ta zauna daidai. In aka jawo hular ƙasa kaɗan ba mai ganewa.

Mai Faci ya ɗauka ya ce, "Dattijo ya yi nauyi yau." Ya rufe but, ya ba Umma makulli.

Kwalin Ɗan Gayu yana bayan ƙofa a rufe. Ban kalli wajen ba.

Asabar, da sassafe

Na dawo daga wanka na tarar da riga a kan gadona. Yadi ɗaya da na Rediyo. Na sa. Kafaɗa daidai, tsawo daidai, hannun ya sauko har wuyan hannu yadda nake so, da aljihu a ɓoye ta dama don ya san ina son inda zan sa hannuna in mutane sun yi yawa.

Na fito, Baba yana ɗaura agogo. Na ce, "Baba, ba ka auna ni ba."

Ya ce, "Ke zan auna?" Ya ci gaba da neman ramin agogonsa.

Makullin mota yana jakar Umma. Umma tana ta cewa mu yi sauri.

Rigar Rediyo tana da aiki a wuya. Tawa ba ta da shi. Wannan nake ta gaya wa kaina.

Asabar, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi, a jere.

Babban ɗaki ne mai sanyi, kujeru jajaye, kowa da kati rataye a wuya. Aka kai Baba layin gaba, mu muna gefensa. Likitoci suna zuwa suna gaishe shi, wasu har suna kallon ƙirjinsa kamar su ne suka ɗinka shi.

Shugaba ta hau ta faɗi aikin shekara. Ta ce bana sun koya wa direbobin tasha, da matan kasuwa, da masu gadi, da malaman makarantu. Aka nuna hoton Umma a bango tana durƙushe a tsakiyar direbobi, bakinta a buɗe, Baba ya ce a hankali, "Haka take min a gida." Ta ce maganar sa darasin a makarantu an karɓa an ce za a duba, bara ma haka aka ce. Aka yi dariya kaɗan. Na'urar da suka roƙa a sa a tasha an sa guda ɗaya, amma an kulle ta a ofis, mai makullin kuma ba ya zuwa Lahadi.

Likita Mai Gilashi ya hau da nasa binciken. Ya ce yawancin mutane ba a titi suke faɗuwa ba, a gida ne, a gaban nasu. Ya ce da yawa daga cikin 'yan'uwan sun taɓa koya, amma in naka ne a ƙasa sai jiki ya ƙi motsi, kuma wannan ne abin da za su bincika shekara mai zuwa. Na sa hannuna a aljihu. Ban ɗaga kai ba har ya sauka.

Sai aka kira Rediyo.

Wasu samari biyu sun riga sun kwantar da mutum-mutumin a dandamali da rigarsa da hularsa. Umma tana tsaye a gefe da makirufo. Rediyo ta hau da rigarta mai aiki a wuya. Ta bubbuga kafaɗarsa ta ce, "Malam, kana ji na?" har lasifika ta yi kuka. Ta juyo ta nuna wani babban likita mai tumbi ta ce, "Kai mai jan kati, daina danna waya ka kira motar asibiti!" Ɗakin ya ɗauki dariya da tafi. Baba ya dafe gefensa.

Ta durƙusa. Ta buɗe rigar. Ta sa hannu.

Ƙas.

Makirufon yana kusa, kowa ya ji.

Ba ta ɗaga hannun ba, ba ta sake dannawa ba. Tana nan durƙushe, kanta a ƙasa. Sai ta ɗago. Ba Umma ta kalla ba, ba Shugaba ba. Ni ta nemo a layin gaba.

Umma ta yi maza ta ce, "Jama'a kun ga wannan? Haka ake yi. In mai dannawa ya gaji ba a jin kunya, canji ake cewa, wani ya karɓa kar a tsaya. Canji!" Ta yafito ni da hannu.

Na hau. Ba a buƙatar murya, Rediyo ta riga ta yi wannan. Na sa tudun hannuna, na miƙe gwiwar hannu. Ƙas, ƙas, ƙas. Ban yi sauri ba, ban yi sanyi ba. Wani a baya ya fara ƙirga min, sauran suka ɗauka. Da na gama aka yi tafi sosai. Shugaba ta ce, "Ashe gidan duka jarumai ne." Likita mai tumbi ya miƙe tsaye.

Abin da na daɗe ina so kenan.

Na duba kujerar Baba. Ba ya kai. Can na hango bayansa, yana tafiya a hankali yana dafa kujeru, ya nufi ƙofar gefe inda Rediyo ta fita.

Bai ga ko ɗaya ba.

An ba mu takardar yabo mu biyu. Tawa an rubuta sunan da biro, don ba a shirya da ni ba.

Lahadi, da rana

An kashe Rediyo. Tun jiya ba ta ce uffan ba. Gidan kamar an ɗauke wuta.

Litinin, da yamma

Na dawo makaranta na tarar da rigar Malam Shiru da hularsa a ninke a kan matashina. Shi kuma an fito da shi daga kwalin Ɗan Gayu an jingine shi da bango, tsirara, yana kallon gadona.

Umma ba ta ce min komai ba. Ta zuba min abinci kamar kullum. Da ta dake ni da ya fi.

Talata, da safe

Rediyo ta juya katifarta, yanzu ƙafafunta ne ta wajena.

Laraba, da yamma

Wannan ma zan rubuta.

Na dawo na ga jakar Rediyo a ɗaure. Ta shiga shago wurin Baba, ni ina bayan labule. Ta ce, "Kawu, ina so a mai da ni gida."

Kawu ta ce. Na ɗauka zan ji daɗi.

Baba ya ce, "Wa ya taɓa min ke?"

Ta ce, "Ba kowa. Tambayi mai laɓe a bayan labule, ƙafafunta sun fito."

Na shiga. Tun ranar ban taka shagon ba. Komai yana nan, almakashi, alli, ƙyallaye a ƙasa, wurin da kansa ya bugu kusa da ƙafar keke.

Rediyo ta ce, "Ke kaɗai na gaya wa. Ke kaɗai a duniya. Ki riƙe Babanki, ki riƙe mijinki na roba, ni na tafi."

Ban san daga ina abin ya fito ba. Na ji wata tana ihu, ashe ni ce.

Na ce, "Babana ne! Ni na koya miki! Kin zo kin ƙwace min kujera, kin ƙwace min yadi, kin shiga rediyo kin ce a gida kika koya! Ko zare ba ki iya zurawa ba sai kin lashe shi kamar akuya, duk rigunan mutane yawunki ne!"

Ta ce, "Da kika iya ɗin me ya hana ki..." sai ta tsaya.

Don Baba ya kifa kansa a kan keke. Hannunsa a ƙirji, kafaɗunsa suna rawa, ba sauti.

Kamar ranar. Daidai kamar ranar.

Ban yi tunani ba. Na faɗa ƙofa na nuna Mai Faci da yatsa na ce, "Kai Mai Faci! Kira motar asibiti! Yanzu!" Ya saki guduma a kan ƙafarsa, ya zaro waya yana tsalle da ƙafa ɗaya. Masu wucewa suka tsaya. Na dawo da gudu na kama kafaɗar Baba na ce, "Baba! Kana ji na?"

Ya ɗago, hawaye a idonsa. Ya ce, "Allura, har bakin titi an ji ki. Dariya nake, haƙarƙarin ne ya hana ta fita. Kamar akuya! Wayyo ƙirjina."

Rediyo ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ni ma. Mai Faci ya leƙo yana ɗingishi ya ce, "Tela, a kira ko a fasa? Gidan nan yanzu tasha biyu kuke kamawa?"

Da ya tafi Baba ya goge ido ya daina dariya. Ya ce, "Ni ban san wa ya tsaya wa ya danna ba, a kwance nake. Abin da na sani, na dawo na ga kin daina shigowa shagon nan, na ce kar in matsa miki. Amma na ranar taro ido biyu nake. Wannan na gani."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Tunda muryar ta fito, ki ba 'yar'uwarki haƙuri da ita. Ba da ta cikin aljihu ba."

Na ba ta. Da ƙarfi. Rediyo ta share hanci da bayan hannu ta ce, "Zan yi tunani." Ba ta kwance jakar ba, amma ba ta ƙara maganar tafiya ba.

Alhamis, da rana

Na mayar wa Malam Shiru rigarsa. Umma ta wuce ta gani ta ce, "Hular ta karkace." Maganarta ta farko kenan da ni tun Asabar wadda ba ta abinci ba.

Juma'a, da yamma

Na dawo makaranta, ban ma cire takalmi ba na ji an ce, "Allura! Zo ki zura min." Na zauna a kujerata. Shiga ɗaya. A bushe.

Rediyo tana kan tebur tana cin gyaɗa tana ba Baba labarin malamar lissafi. Ta ce masa Baba sau ɗaya, ta kalle ni. Na yi kamar ban ji ba.

Na yi ta tuna shekaranjiya, lokacin da ya kifa kansa. Ni na yi ihun, kowa ya shaida. Amma da na dawo daga ƙofa hannunta yana kan bayansa.

Ta riga ni isa. Kaɗan ne, amma na lura.